Farfaɗiya da masu maganinta a ƙasar Tasawa kafin zuwan maganin asibiti

0. Gabatarwa

A wannan ƙasida muna so mu duba yadda masu magani suka fahimci farfaɗiya, da yadda suka yi ta fama da ita, kafin ƙwayar asibiti ta iso ƙasar Tasawa da Mayahi. Idan muka ce masu magani, muna nufin malami da boka da ƴan bori da wanzami, tare da likitocin Girka da na Larabawa waɗanda iliminsu ya biyo littattafai har ya shigo kundin malaman ƙasar Hausa. Ba sha'awar tarihi kaɗai ta sa muka ɗauko batun ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2019, ta ƙiyasta masu farfaɗiya a duniya sun kai miliyan 50, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami ko matsakaicin ƙarfi. Ta ce kusan kashi 70 cikin ɗari za su iya daina faɗuwa in sun samu maganin da ya dace, amma a ƙasashe matalauta kashi uku cikin huɗu ba sa samunsa. Ke nan abin da muke kira “kafin maganin zamani” bai zama tarihi ba tukuna ga iyalai da yawa na ƙauyukanmu.

1. Suna da alamu

Kalmar farfaɗiya daga faɗuwa take, an ninka tushen aikatau don nuna maimaici. Bahaushe bai kaɗaita da wannan ba. Mutanen Babila, a allunan likitanci da ake kira Sakikku, waɗanda aka tattara wajen shekara 1050 kafin haihuwar Annabi Isa, sun kira ta da kalma mai ma'anar faɗuwa. Sar'u na Larabci kuwa kayarwa ƙasa ne. Kalmar Girkanci da Faransanci ya gada tana nufin kamu, wato wani abu ya cafke mutum. Sunayen sun kasu biyu ke nan: wasu sun dubi wanda ya faɗi, wasu sun dubi wanda ya kayar. Hausa tana da duka biyun, domin ana cewa “ya faɗi”, ana kuma cewa “ta buge shi” ko “abin nasa ya tashi”.

Abin lura shi ne Bahaushe ya bambanta farfaɗiya da jijjigar da ke kama ƙaramin yaro cikin zafin zazzaɓi, wadda ake kira taune-taune ko bugun tsuntsu. Ya kuma bambanta ta da hawan iska a fagen bori, inda ake kiran iska da kiɗan goge ko garaya, ta zo, ta yi magana, a sallame ta. Farfaɗiya ba a kiranta, ba ta magana, ba ta kuma jin kiɗa. Sai dai wannan rabe-rabe ya tsaya ga babbar faɗuwa mai sandarewa da karkarwa da kumfar baki. Yaron da kan yi tsai na daƙiƙa goma ido buɗe, ko wanda kan yi ta taunar baki yana shafa rigarsa ba ya cikin hayyacinsa, ba a cika sa shi cikin masu farfaɗiya ba, alhali a asibiti nau'o'inta ne. Sau da yawa sakarci ake kiran wannan, ko taɓin iska.

2. Gadon Girka da na Larabawa

Wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa aka rubuta wata ƴar risala cikin tarin da ake danganta wa Bukrata (Hippocrate), a kan abin da Girkawa ke kira “cuta mai tsarki”. Marubucin ya ƙi yarda da wannan suna. A wurinsa cutar daga ƙwaƙwalwa take, majina ce ke sauka ta toshe hanyoyin iskar numfashi. Hujjarsa kuwa ita ce in aka fasa kan akuyar da ke faɗuwa za a tarar da ƙwaƙwalwarta jiƙe da ruwa mai wari. Ya yi wa matsubbatan zamaninsa ba'a saboda tarin hani da suke ɗora wa majiyyaci: kada ya yi wanka, kada ya ci naman akuya ko ya kwanta kan fatarta, kada ya sa baƙin tufa. Ya ce dabara ce, in mutum ya warke su ci yabo, in ya mutu a ce ya karya hani. Duk wanda ya san sharuɗɗan da kan biyo ƙullin magani a kasuwanninmu zai ga wannan zargi bai tsufa ba.

Jalinusu (Galien), a ƙarni na 2, ya raba cutar gida uku: wadda ta samo asali a ƙwaƙwalwa, wadda ta taso daga ciki, da wadda kan faro daga wata gaɓa ta hau kai kamar hucin iska mai sanyi. Daga wannan rabo magani ya fito. Ana tsara abinci da barci da motsa jiki, ana ba da maganin wankin ciki don fitar da majina, ana zubar da jini, in kuwa alamar daga ƙafa ko hannu take farawa sai a ɗaure gaɓar don a tare mata hanya. Jalinusu ɗin nan da kansa ya ba da labarin wani yaro da ya yi watanni bai faɗi ba saboda saiwar wani tsiro da aka rataya masa a wuya, wanda Larabawa suka sani da fawaniya ko udus salib. Babban likitan Rum ma bai raina laya ba, sai dai ya ce ƙamshin saiwar ne ke aikin.

Likitocin Musulmi sun gaji wannan tsari suka faɗaɗa shi. Ar-Razi (ya rasu 925) ya tattara bayanan majiyyata cikin al-Hawi. Ibn Sina (980-1037) cikin al-Kanun ya bayyana sar'u a matsayin toshewar da ba ta cika ba a kogunan ƙwaƙwalwa, galibi daga balgamu, wato majina, wani lokaci daga sauda'u, ya kuma yi dogon bayani a kan abin da majiyyaci zai guje wa na ci da sha da yanayi. Az-Zahrawi na Kurɗuba (ya rasu wajen 1013) ya kwatanta yadda ake yin lalas da ƙarfe mai zafi a ka, bayan an wanke jiki da magani.

Amma wanda ya fi tasiri a ƙasar Hausa ba likita ba ne, malamin addini ne. Ibn Ƙayyim al-Jauziyya (ya rasu 1350), a sashen ɗibbun nabawi na Zadul Ma'ad, ya ce sar'u iri biyu ne: na miyagun rayuka, da na gurɓatattun ruwayen jiki. Na biyun shi ne fagen likitoci, ya kuma yarda da maganar Bukrata cewa wanda cutar ta zarce da shi bayan shekara 25 da wuya ya rabu da ita. Na farkon maganinsa addu'a da ruƙiyya. Ya kafa babin ne a kan hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Ibn Abbas, na wata baƙar mata mai farfaɗiya da ta nemi addu'ar Annabi (SAW). Aka ba ta zaɓi tsakanin haƙuri da sakamakon Aljanna ko addu'ar waraka, ta zaɓi haƙuri, ta roƙi dai a yi mata addu'a kada tsiraicinta ya riƙa bayyana in ta faɗi. Ibn Ƙayyim ya ga mai yiwuwa ne tata cutar irin ta jiki ce. Muna jan hankali ga wannan domin za mu dawo kansa a sashe na 5.

3. Hanyar da ilimin ya biyo

Tasawa tana kan tsohuwar hanyar ayari da ta haɗa Katsina da Kano da Agadas. Ta nan Heinrich Barth ya wuce a Janairun 1851. Hanyar da ke kawo gishiri da kanwa ita ke kawo takarda da littafi da turare. Dangantakar malamta tsakanin wannan yanki da Masar tsohuwa ce, shaida kuwa wasiƙar da As-Suyuɗi (ya rasu 1505) ya aike wa sarakunan Agadas da Katsina. Littafin magani da ya fi yawo a hannun malamanmu, ar-Rahma fiɗ ɗibbi wal hikma, shi ake danganta wa, ko da yake masana sun fi karkata ga cewa na As-Sanaubari ne. A ƙarni na 19 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello (ya rasu 1837) ya yi wallafe-wallafe a kan magani, har da risaloli a kan ciwon ido da basur. Gaba ta siyasa tsakanin Sakkwato da Katsinawan Maraɗi da Tasawa ba ta hana almajirai yawon karatu ba.

Ismail Abdalla, cikin littafinsa na 1997 a kan Musulunci da magani a arewacin Najeriya, ya nuna cewa abin da ya iso ƙasar Hausa galibi ɗibbun nabawi ne da taƙaitattun littattafai na baya-bayan nan, ba manyan kundayen Ar-Razi da Ibn Sina ba. Saboda haka nazariyyar ruwaye huɗu ta shigo a gutsure, ta haɗu da abin da Bahaushe ya riga ya sani na sanyi da zafi da majina da mataccen jini.

4. Masu magani a ƙasar Tasawa

4.1. Malami

Aikin malami ya ginu a kan rubutu. Yakan rubuta ayoyi ko hatimi a allo, a wanke a ba majiyyaci ya sha ya shafa, wani lokaci a haɗa da garin itace. Yakan yi laya a ɗinke da fata a rataya. Yakan yi tofi, ya ba da turaren hayaƙi, ya umurci iyali su yi sadaka. Ga ƙananan yara akwai layun kariya daga Ummu Sibyan, sunan da likitocin Larabawa suka yi amfani da shi ga jijjigar yara, wanda a bakin jama'a ya koma sunan aljana. Hatsarin wannan fage yana ga duka. Ibn Ƙayyim ya ruwaito cewa malaminsa Ibn Taimiyya yakan karanta aya a kunnen wanda aka kayar, wani lokaci ya yi duka don korar aljani. Mai farfaɗiya da ya farfaɗo yana cikin ruɗewa na mintoci, ba ya gane mutane, yana iya ture wanda ya riƙe shi. In aka ɗauki wannan a matsayin taurin kan aljani, jikin ɗan Adam ne zai sha bulala.

4.2. Boka da ƴar mai ganye

Boka shi ne ma'abocin saiwa da sassaƙe da ganye, a jiƙa a sha, a dafa a yi wanka ko surace, a daka a shaƙa. Dalziel ya tattara sunayen itatuwan Hausa tun 1916, ƙungiyar Adjanohoun kuma ta wallafa binciken tsirran magani na Nijar a 1980. Itacen da ya fi suna wajen cututtukan da ake danganta wa iska shi ne sanya, wadda ake wa kirari da uwar magunguna. Saiwarta tana da ƙamshi mai ratsa kai, tana sa atishawa, in kuma aka sha da yawa guba ce. Ma'anar shaƙe a nan biyu ce, kuma ba sa cin karo: atishawa tana fitar da majina daga ka, kamar yadda likitan Girka zai so, tana kuma korar iska, kamar yadda ɗan bori zai so. Wani abin sha'awa shi ne kauci. Bahaushe yana ba shi daraja a haɗin asiri, Turawa kuma sun yi ƙarnuka suna ba masu farfaɗiya ɗan'uwansa da ke fita a kan itatuwansu, bisa tunanin cewa abin da bai taɓa faɗowa ƙasa ba zai hana faɗuwa.

4.3. Bori

A ƙasar Maraɗi da Tasawa bori bai zama abin ɓoye ba kamar yadda ya zama a garuruwan da jihadi ya ci. A fadar Maraɗi Iya ce shugabar ƴan bori, a ta Gobir a Tsibiri kuwa Inna. Jacqueline Monfouga-Nicolas (1972) da Guy Nicolas (1975) sun yi bayanin wannan tsari dalla-dalla. Ɗan bori ba ya tambayar mene ne ciwon, yana tambayar wane ne ya jawo shi, me kuma yake so. In an gano iskar, sai a yi mata yanka, ko a yi wa majiyyaci girka, ya zama dokinta ko goɗiyarta, ciwo ya koma alaƙa mai ƙa'ida. Ga macen da faɗuwarta ta samo asali daga ƙuncin rai (likitocin ƙwaƙwalwa sun san irin wannan faɗuwa mai kama da farfaɗiya wadda ba ita ba ce) girka tana iya kawo sauƙi na gaske, domin tana ba ta jama'a da matsayi da bakin magana. Ga mai tabo a ƙwaƙwalwa kuwa ba abin da za ta canja, sai dukiyar da ta ci.

4.4. Wanzami

Wanzami shi ne ya fi kusa da Az-Zahrawi, ko da bai san sunansa ba: ƙaho a ƙeya don tsotse mataccen jini, tsaga a goshi ko gefen kai a shafa magani, da lalas. Tabon da ake gani a kan wasu majiyyata idan sun iso asibiti tarihin yawon neman maganinsu ne.

4.5. Abin da ba magani ba ne amma ya fi magani tasiri

Imanin cewa farfaɗiya tana yaɗuwa ta yawu ko kumfar bakin wanda ya faɗi ya bazu a Afirka ta Yamma, kamar yadda Rumawa ma suke tofar da yawu in sun ga mai ita. Ba ta yaɗuwa ta wannan hanya ko kaɗan. Amma imanin shi ke sa a ware wa yaro ƙwaryarsa, a fitar da shi daga lakwal ko makarantar allo, aure ya gagari budurwa, mutane su watse a lokacin da ya kamata su matso. A ƙasar da ake girki a murhun duwatsu uku, ake jan ruwa a rijiyoyi masu zurfi irin na yankin Gulbin Kaba, ake kuma wanka a tabkunan damina na Tasawa, wannan watsewa ita ke kashewa. Ƙuna da nutsewa suna cikin manyan abubuwan da ke nakasa masu farfaɗiya ko su halaka su. Waɗanda suka matso kuma sukan tura cokali a baki don kada a haɗiye harshe, abin da ba ya yiwuwa, ko su ɗura ruwan magani ga wanda ba ya iya haɗiya, ya wuce huhu.

5. Me ya sa aka yarda da waɗannan magunguna?

Kuskure ne a ce jahilci ne. Turai ma ba ta da abin da ya fi wannan har tsakiyar ƙarni na 19. Rumawa sun sha jinin ƴan dambe da aka kashe a fage. Likitocin ƙarni na 18 da na 19 sun ba da gishirin azurfa har fatar majiyyata ta rine ta koma toka-toka. Sai a 1857 Charles Locock ya ba da labarin amfanin gishirin buromid a Landan, maganin farko da ya rage faɗuwa da gaske, ko da yake yana dusashe hankali yana fesar da ƙuraje. A 1873 Hughlings Jackson ya bayyana faɗuwar a matsayin tartsatsi mai wuce kima da ke tashi kwatsam daga ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. A 1912 Alfred Hauptmann, a Jamus, ya ba majiyyatansa fenobarbital don su yi barci, sai ya lura faɗuwarsu ta ragu. Wannan ƙwaya ce aka sani a ƙasashen Faransanci da Gardénal. Hans Berger ya wallafa awon wutar ƙwaƙwalwa a 1929, fenitoyin ya biyo a 1938. Lokacin da Faransa ta kafa hukumar kula da lafiyar ƴan ƙasa a Afirka ta Yamma a 1905, likitanta bai fi bokan Tasawa da komai ba a wannan fage sai buromid, hankalinsa kuma yana ga agana da sauran annoba.

Dalilin yardar yana cikin halin cutar kanta. Faɗuwa takan ƙare da kanta cikin minti biyu ko uku, don haka duk abin da aka yi a minti na biyu, tofi ne ko hayaƙi, shi za a ce ya tashe shi. Tsakanin faɗuwa da faɗuwa ana iya yin watanni, sai a ce laya ta kama. Jijjigar zazzaɓi takan bar yaro da kanta wajen shekara biyar ko shida, wasu nau'o'in farfaɗiyar yara kuma suna gushewa da balaga, kamar yadda Bukrata ya lura. Wasu shawarwarin ma daidai suke: rashin barci da giya suna tayar da faɗuwa, azumi kuwa yana rage ta, abin da likitocin Faransa suka gwada a 1911, daga nan kuma aka ƙago abinci mai yawan mai da ƙarancin tsaba a Amurka a 1921, wanda har yau ake ba wasu yara.

A nan ne matsalar fassara ta shigo, kuma ita ce ta fi shafar sashenmu. Murray Last (1981) da Lewis Wall (1988), waɗanda suka yi bincike a ƙasar Malumfashi, sun nuna majiyyaci Bahaushe ba ya ɗaure kansa ga mazhaba ɗaya, yana gwada wannan ya gwada wancan har a dace. Abin da yake nema ga magani shi ne ya fitar da cuta: a yi amai, a yi zawo, a ga baƙin jini a ƙaho, iska ta yi sallama. Ƙwayar asibiti ba ta fitar da komai. Tana danne faɗuwa ne muddin ana shan ta kullum, shekara da shekaru, in kuma aka yanke ta farat ɗaya faɗuwar tana iya dawowa da ƙarfin da ya fi na da. Uban da ya sayi ta wata guda, ya ga sauƙi, ya daina, ya ga abin ya dawo, yana da hujjarsa in ya ce wannan ba ciwon asibiti ba ne. Tsarin biyan kuɗin magani da ya biyo shirin Bamako na 1987, da karyewar darajar sefa a Janairun 1994, sun sa irin wannan yankewa ta yawaita ba da son iyaye ba. A ganinmu ma'aikacin lafiya da ya ce “ga magani” bai faɗi gaskiya duka ba. Kalmar da ta fi kusa ita ce makari ko garkuwa, abin da ake riƙewa a jiki kullum. Wannan ma'ana kuwa Bahaushe ya san ta sarai, domin ita ce ma'anar laya: ba mai cire layarsa don ya kwana biyu lafiya.

Haka kuma rabon Ibn Ƙayyim ƙofa ce da ba a yi amfani da ita sosai ba. Malamin da ya karanta Zadul Ma'ad ya san akwai sar'u na jiki wanda littafin da kansa ya miƙa wa likita. Yawancin abin da ke haddasa farfaɗiya a yankinmu sananne ne: wahalar naƙuda, zazzaɓin cizon sauro da ya hau ka, rauni a kai, da sanƙarau, wanda annobarsa ta 1995 da 1996 ta ratsa Nijar da arewacin Najeriya kafin rigakafin da aka fara a 2010. Uwa takan tuna ciwon da ya gabaci faɗuwar farko in aka tambaye ta, malami kuma shi ake fara kai wa yaro, ba likita ba.

6. Aikin da muke ba da shawara

Abu biyu ne ɗaliban sashen za su iya ɗauka. Na farko tattara kalmomin faɗuwa da jijjiga da suma a karin harshen Tasawa da Mayahi, a gwada su da na ƙamusun Bargery na 1934, a ga waɗanne alamu kowace kalma ta ƙunsa a bakin uwa, da boka, da ma'aikacin lafiya. Na biyu bin babin sar'u a rubuce-rubucen ɗibbu da ke sashen littattafan Larabci da ajami na Cibiyar IRSH a Yamai, da kundayen da ke hannun gidajen malamai a Tasawa, musamman bayanan gefen shafi inda malami kan rubuta sunan itacen Hausa a madadin na Larabci. A irin wannan gefen shafi ne za a ga abin da ya maye gurbin fawaniya a ƙasar da ba ta fita.